Faɗakarwa Ga Masu Rubuta Takardun Cinikin Gidaje

Godiya ta tabbata ga Allah, Masanin abin da ke bayyane da abin da ke ɓoye. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, wanda mutanen Makka suka shaida amanarsa a fatauci tun gabanin aike, da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya ku malamai da almajirai, masu karanta wannan takarda da waɗanda a ke karanta wa, ku sani akwai wata magana da ta zama ruwan dare a wuraren cinikin gidaje a Kano da sauran garuruwanmu, har ta kai tana shiga cikin takardun da mu ke rubutawa da hannunmu. Mai gida ya kan ce, "Na sayar maka da shi yadda ka gan shi." Dillali ya ɗora da cewa, "In an saya an saya, babu mayarwa." Sa'an nan a juyo wajen malamin da ke zaune a zauren, a ce ya rubuta, ya sa hannu cikin shaidu, ya yi addu'a a shafa. Kowa ya tashi yana zaton an rufe ƙofa. To, abin da mu ke cewa shi ne, wannan magana ba ta rufe ƙofar kome ba a Shari'a, kuma malamin da ya rubuta ta alhali yana sane da aibin da aka yi shiru a kansa, lalle shi ma ya tsoma hannunsa cikin algus ɗin.

Ku duba yadda abin ke gudana. Mutumin da ya san gidansa na shan ruwa ba ya kai shi kasuwa a watan Agusta. Sai ya dakata har ƙasa ta bushe, ya kira magini ya cike tsagar bango da siminti, ya bi da fenti, ya rufe azarar da gara ta cinye da sili, ya share tsakar gida fes. Mai saye ya zo da rani, ya kewaya, ya ƙwanƙwasa bango, ya leƙa ɗakuna, bai ga kome ba. Yaya zai gani? Da yawa daga kududdufan Kano, waɗanda asalinsu ramuka ne da aka haƙi ƙasar gini a cikinsu, an cike su da shara an yi gini a kai, ruwa kuwa bai manta da wurin kwanciyarsa ba. Wanda ya zauna a gidan shekara 10 ya san daren da ya kwashe yara ya kai su maƙwabta, ya san watan da rijiya ke ƙafewa, ya san masai ya kusa da ita har ruwan ya kan sake wari. Baƙon da ya zo yini guda bai san ko ɗaya ba, kuma ba shi da hanyar sani sai an gaya masa.

Asalin hukuncin sananne ne a wurinku. Muslim ya ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce ta wurin wani mai sayar da hatsi, ya cusa hannunsa cikin tsibin, yatsunsa suka taɓo danshi. Mai hatsin ya ba da hanzari da ruwan sama. Annabi ya tuhume shi don me bai ɗora jiƙaƙƙen a bisa ba inda mutane za su gani, ya kuma kore mai algus daga jama'arsa. Ku lura, mutumin nan bai furta ƙarya ba. Jerawa kawai ya yi, busasshe a sama, jiƙaƙƙe a ƙasa, ya yi shiru. Mene ne bambancinsa da mai fenti a kan tsaga?

Ibnu Abi Zaidin, wanda ya rasu a shekara ta 386 ta Hijira, ya ba mu ma'auni a babin ciniki na Risala, ma'aunin da yaro ma zai iya riƙewa. Ma'anarsa ita ce duk abin da in mai saye ya ji shi zai ƙi hajar, ko ya rage tayinsa, bai halatta a ɓoye masa ba. Saboda haka ba sai mai gida ya je fatawa yana tambaya ko abu kaza aibi ne ba. Ya tambayi zuciyarsa, me ya sa ba ya son a ji? In don kada kuɗi su ragu ne, to, ya riga ya ba kansa amsa. Shaihu Halilu a cikin Muhtasar ya ƙara tsaurarawa: wajibi ne mai sayarwa ya ambaci aibin, ya siffanta shi ko ya nuna shi, kada ya dunƙule. Wanda ya ce, "Ai tsohon gida ne, kowane irin aibi akwai shi," bai bayyana kome ba, gama mai saye zai ɗauka tawali'u ne ko raha. Bayani shi ne ya kama hannunsa ya kai shi bangon gabas, ya ce nan ya tsage tun daga tushe shekarar kaza, na cike shi sau biyu yana sake buɗewa.

Waccan magana ta "yadda ka gan shi" kuwa, ita ce malaman fiƙihu ke kira cinikin bara'a, watau mai sayarwa ya kuɓutar da kansa daga kowane aibi. A mashahurin zance na mazhabar Malik ba ta amfani sai a cinikin bayi, a can ma sai ga aibin da mai sayarwa bai sani ba. Bauta kuwa an gama soke ta a Arewa tun 1936. Ashe ke nan sharaɗin da ba shi da sauran wurin aiki, shi mu ke ta rubutawa a kan gidaje. Ku tuna labarin da ke cikin Muwaɗɗa. Abdullahi ɗan Umar ya sayar da bawa a kan dirhami 800 bisa bara'a, mai saye ya sami wata cuta a jikinsa, suka kai ƙara ga Sayyadina Usmanu. Usmanu bai ce ciniki ya ƙare ba. Ya hukunta Abdullahi ya rantse cewa sa'ad da ya sayar bai san da cutar ba. Abdullahi ya ƙi rantsuwa, ya karɓi bawansa, bawan ya warke a hannunsa, daga baya ya sayar da shi dirhami 1,500. In sharaɗin bai tsare ɗan Umar daga a nemi rantsuwarsa ba, wa zai tsare a Kurna ko Ɗorayi?

Amma kada mai saye ya ji wannan ya yi zaton an ba shi wuƙa da nama. Malamanmu sun bambanta gida da sauran haja, domin gida ba ya rasa ɗan abin gyara, kuma rushe cinikinsa abu ne mai nauyi. Aibin da bai taka kara ya karya ba, kamar ɓallewar bakin dakali, ba a ko duba shi. Matsakaici, kamar tsagar bangon da ba a tsoron faɗuwar gidan saboda ita, ba ya sa a mayar da gida, sai dai a mayar wa mai saye ƙimar aibin. Mai yawa shi ne ke ba shi zaɓi, ko ya riƙe, ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa. An yi saɓani a kan iyakar mai yawan, wasu suka ce sulusin ƙima, wasu rubu'i, wasu ushiri. Halilu ya togace fuskar gida, in tsagar a nan ta ke ana mayarwa, haka kuma in aibin ya yanke wani amfani, kamar rijiya mai zartsi a unguwar da rijiyoyinta ke da daɗi. Shaihu Dardiri a sharhinsa ya lissafa waɗansu: rijiyar da ke rufta ko ruwanta ke ƙafewa, rashin masai ko kasancewarsa a bakin ƙofa, yawan kuɗin cizo ko tururuwa, har da mugun maƙwabci. Wannan na ƙarshe ya kamata a tsaya a kansa. Mutane nawa ne suka sayar da gida ba don kome ba sai don gudun maƙwabci, sa'an nan da aka tambaye su dalili suka ce wai iyali ne suka yi yawa?

Ga yadda a ke lissafin ƙimar aibi, domin almajirai su kan rikice a nan. Ba kuɗin gyara a ke bi ba, kuma ba a cire bambancin kai tsaye. Masana su kan ƙimanta gidan yana lafiyayye, a ce naira miliyan 10, sa'an nan su ƙimanta shi da aibinsa, a ce miliyan 9. Abin da ya ragu ushiri ne. Sai a duba abin da mai saye ya biya da gaske. In miliyan 8 ya biya, ushirinsu za a mayar masa, watau naira 800,000. Masu ƙimantawa kuwa su ne ma'abota sana'ar, magina da injiniyoyi, su ne kuma za su faɗa ko tsagar tsohuwa ce ko bayan ciniki ta auku, gama aibin da ya faru a hannun mai saye nasa ne.

Akwai abubuwan da ke zubar da haƙƙin mai saye, ya kamata ya san su tun kafin ya ji su a bakin alƙali. In aibin a fili ya ke, irin wanda ba ya ɓoyuwa ga mai dubawa, ya kuwa duba, ba shi da magana. In ya gano ɓoyayyen sa'an nan ya aikata abin da ke nuna yarda, kamar ya sa gidan a kasuwa ko ya shiga rushe-rushe da ƙare-ƙare, ya zubar. In ya yi shiru ba da uzuri ba, ko na kamar yini guda ne sai ya rantse cewa shirunsa ba yarda ba ne, in shirun ya yi tsawo kuwa shi ke nan. Zama a cikin gidan lokacin da a ke shari'a ba ya cutar da shi, gama zama ba ya rage gida. Sa'an nan in suka yi jayayya a kan samuwar aibin ko tsufansa, maganar mai sayarwa a ke kamawa sai in masana sun shaidi mai saye. Saboda haka ranar da ka ga ruwa na ɓuɓɓugowa daga daɓe, ranar za ka kira shaidu su gani, kada ka ce bari damina ta wuce don kunya.

Duk wannan a kan aibin gini ne. Akwai wanda ya fi shi muni, shi ne aibin mallaka, gama tsaga ana cike ta, amma gidan da ba na mai sayarwa ba ne babu maginin da zai gyara shi. Mafi yawan abin da ke kawo wannan gidan gado ne da ba a raba ba. Babban wa ya kan tashi ya sayar, alhali akwai ƙanwarsa tana aure a wani gari, akwai ƙane yana Kurmi ko Makka, akwai marayun ɗan'uwansu da ba su balaga ba. Abin da ya sayar na rabonsu ya tsaya ga yardarsu. Rabonsa na kansa ma, tun da ba a raba ba, suna da shufa'a a kai, watau su biya mai saye abin da ya biya su karɓe. A mazhabarmu shufa'a ta abokin tarayya ce, maƙwabci ba shi da ita. Wanda ke gari ya sani ya yi shiru har shekara ta wuce, tasa ta faɗi, amma wanda ba ya nan yana kan haƙƙinsa kome daɗewar tafiyarsa. Kada kuma mai saye ya dogara ga hauzi na shekara 10, domin wannan yana aiki ne a kan wanda ke nan, ya sani, babu abin da ya hana shi magana. Ba ya cin matafiyi, ba ya cin yaro. In mai haƙƙi ya bayyana bayan an yi gini, Risala ta ce ya biya ƙimar ginin yana tsaye, in ya ƙi mai ginin ya biya shi ƙimar fili, in shi ma ya ƙi su zama abokan tarayya. Kuɗin da mai saye ya biya kuwa sai ya bi wanda ya sayar masa, in ya same shi, in kuma bai cinye ba. Malamin unguwa ya fi kowa sanin 'ya'yan mamaci, watakila shi ya raɗa musu suna. Yaya zai rubuta "gidansa ne halak malak" ba tare da ya tambayi ina Hajiya wance, ina marayun wane ba?

Sa'an nan ga dokar hukuma, wadda ba ta jiran a so ta. Tun ranar 29 ga Maris 1978, zamanin mulkin soja na Obasanjo, Dokar Amfani da Ƙasa ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun Gwamna bisa amana, abin da mutum ke riƙe da shi haƙƙin zama ne da amfani. Sashe na 22 ya hana mai takardar Gwamna ya sayar ko ya jinginar sai da yardar Gwamna, sashe na 26 kuma ya ce abin da aka ƙulla saɓanin haka ɓatacce ne. A 1989, a shari'ar bankin Savannah da Ajilo, Kotun Ƙoli ta ce wannan ya haɗa har da wanda ya mallaki filinsa na birni tun gabanin dokar. To, wanda ya san takardar gidansa tana jingine a banki, ko filin na awon igiya ne da hukumar tsara birni ba ta amince da shi ba, ko an taɓa shafa masa jan fenti don hanya za ta bi ta kansa, ya kuwa goge fentin ya yi shiru, a auna shi da ma'aunin Risala: da mai saye ya ji, zai biya abin da ya biya? Mai saye shi ma kada ya yi cinikin biri a sama. Ya tafi ofishin filaye, a Kano KANGIS, a Kaduna KADGIS, ya biya kuɗin bincike a duba masa sunan wa ke kan takardar da abin da ke rataye da ita, kafin ya ba da ko kafin-alƙalami.

Wani dalili kuma da ya sa mu ke matsa wa a rubuta: rigimar mallakar filin da ke da takardar Gwamna, dokar nan ta ba Babbar Kotun jiha huruminta. Ƙa'idar da aka gada daga Ingila kuwa ita ce mai saye ya buɗe idonsa. A can wajibi ne mai sayarwa ya bayyana ɓoyayyen aibin mallaka, kuma ba shi da damar yin ƙarya ko rufe tsaga da gangan don yaudara, amma shiru kawai a kan lalacewar gini ba ya kama shi. Abin da Shari'armu ta ba mai saye kyauta, a can sau da yawa sai in yana cikin takarda zai same shi.

Mun san abin da masu sayarwa ke cewa. Wani ya ce, "In na faɗa, wa zai saya?" Za a saya, a kan kuɗinsa na gaskiya, abin da ya ɗoru bisa wannan dama ba naka ba ne. Wani ya ce, "Ni ma haka aka sayar mini." Wanda ya cuce ka shi za ka bi, wannan bawan Allah bai ci maka kome ba. Wanda ya fi ba mu tausayi shi ne mai sayarwa don matsuwa, ga bashi, ga mara lafiya a asibiti, kowace naira tana da wurin zuwa. Ba mu raina halinsa ba. Amma mai sayen ma sau da yawa gumin shekara 20 ne ya tara, ko kuɗin sallamar aiki, ko gadon marayu ne uwarsu ta ce a saya musu inda za su fake. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Hakimu ɗan Hizamu cewa gaskiya da bayani su ke sa albarka a cinikin mutum biyu, ɓoyewa da ƙarya su ke shafe ta. Mun saba karanta wa almajirai wannan da safe, da la'asar kuma mu shafa fatiha a kan saɓaninsa.

Dillalai kuma su ji nasu. In aka mayar da gida saboda aibi, mai gidan kuwa bai san da shi ba, dillali zai mayar da la'adar da ya karɓa. In mai gidan ne ya yi yaudara dillali bai sani ba, la'adarsa ta zauna. Wanda aka haɗa baki da shi kuwa, ya ja mai saye ta ƙofar da ba za a ga bangon ba, ya hana shi tsayawa da maƙwabta, wannan abokin laifi ne.

Abin da mu ke roƙon kowane malami da almajirin da a ke kira rubutun ciniki, kada ya ɗora alƙalami sai ya tambayi mai gida a gaban shaidu: me ka sani na aibin gidan nan, na gininsa da ruwansa da maƙwabtansa da takardunsa, wa kuma ke da rabo a cikinsa? Abin da ya faɗa a rubuta shi da sunansa da wurinsa. Wannan kariya ce ga mai sayarwa kansa, gama aibin da aka rubuta aka yarda da shi ba a sake tayar da shi. In mai saye yana son lokacin shawara, a rubuta masa zaɓi, wanda a gida kamar wata guda ne. Kada a wuce haka da yawa, kada a sharɗanta biyan kuɗi a cikinsa, kada kuma a sharɗanta ya tare kyauta, domin waɗannan suna ɓata cinikin. Ku tuna a mazhabar Malik babu zaɓin majalisa, da an ce "na saya", an ce "na sallama", ciniki ya ƙullu ko ba a tashi ba.

Sai dai wata guda daga Janairu ba ya kai mutum damina, aibin ruwa kuwa sai da ruwa a ke ganinsa. Maganin wannan yana cikin Muhtasar: duk siffar da mai saye ya sharɗanta, yana da bukata a cikinta, in ba a same ta ba yana da ikon mayarwa. Saboda haka a rubuta a fili, "Na saya bisa sharaɗin ruwa ba ya kwana a tsakar gidan nan, ba ya shiga ɗakuna, rijiyarsa ba ta ƙafewa da bazara." In mai gida ya yarda aka rubuta, Agusta za ta yi shaida, ba kuwa zai tsira da cewa bai sani ba. In ya ƙi a rubuta, mai saye ya ji abin da ya ke bukatar ji tun kuɗinsa na aljihunsa. In kuma suka ce wa malam ya bar wannan dogon bincike ya rubuta yadda aka saba, ya mayar musu da takardarsu da goronsu, su nemi wani.

Haza wassalam.